Rage wa Fankar Kwamfuta Wuta Ba Tare da Ka Dafa Injin Ba

Kwamfutar tebur da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, ta biyo babban titi mai lamba 1 har ta yada zango a wani shagon buga takardu a Aouda, da wuya ta zo da shiru. Yawancinsu sun gama aikin ofis a Turai kafin a loda su a kwantena, fankokinsu sun tsufa, ƙurarmu kuma ta ɗora nata. Mai shagon kwafi a bakin titi bai cika damuwa ba, don rurin manyan motocin da ke wucewa zuwa Sokode da Dapaong ya danne na fanka. Amma mai ɗaukar karatun malami a ɗaki, da mai haɗa sauti a ƙaramin gidan rediyo, da ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da injinsa, sun san yadda ƙarar nan ke shiga makirfo, ta kuma hana kai sakat.

Maganin da masu gyara suka daɗe da sani shi ne a rage wa fankar wuta. An ƙera ta ta ci bolt 12, in ka ba ta 7 ko 8 sai ta sassauta gudu. Wadda ke juyi 2000 a minti kan dawo kusan 1200 a bolt 7, ƙararta ta ragu da wajen desibel 10, abin da kunne ke ji kamar an raba ta biyu. Sai dai iskar da take turawa ma raguwa take yi daidai da gudun, kuma nan ne maganar ta shafe mu fiye da waɗanda suka fara dabarar. Su a ɗaki mai sanyin digiri 20 ko 22 suke gwadawa. Mu kuwa a watan Maris ɗaki mai rufin kwano a yankin Sokode yana haura 35 da rana, a Dapaong kuma zafin waje kansa yana taɓa 40. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, a kan sharaɗi ɗaya yake tsaye: a rage wutar ta hanyar da za a iya mayar da ita cikin daƙiƙa guda idan bazara ta kama.

Kafin ka taɓa waya

Sau da yawa ƙarar ba ta wuta ba ce, ta datti ce. Cire murfin gefe ka haska tocila a kan ƙarfen sanyaya furosesa. Bayan hunturu ɗaya za ka tarar jar ƙura ta saƙu tsakanin haƙoransa, ta yi kauri har kana iya ɗago ta da tsinke. Iska ba ta ratsawa, furosesa na ɗaukar zafi, babban allo kuma yana umartar fanka ta ƙara gudu. Fitar da injin waje, ka riƙe fukafukan fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, ka busa da bulowa, ka bi da buroshin fenti mai laushi. Idan ƙarar gurnani ce ko karkarwa, matsalar a gindin fanka take. Ɗaga takardar da ke manne a bayanta, wasu za ka ga ɗan toshi na roba a ƙarƙashi, cire shi ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, ka mayar. Kada ka sa man gyaɗa ko man ja, suna daskarewa su kama ƙura. Fankar da ta ci gaba da gurnani bayan an sa mata mai ta gama aiki, kuma ita ce ta fi kowace haɗari in aka rage mata wuta, don ita ce za ta ƙi tashi wata rana ba ka sani ba.

Daga nan shiga BIOS ka duba. Allunan da aka yi a shekarun baya-bayan nan galibi suna da wurin saita gudun fanka gwargwadon zafi. Fanka mai waya huɗu ana sarrafa ta ne da sigina ta waya ta huɗun, wutarta na nan a 12, allon ne ke gaya mata gudun da za ta yi. In taka irin wannan ce kuma akwai mazauninta a allo, ka gama, ba ka bukatar almakashi. Aikin waya na fanka mai waya biyu ko uku ne, wadda aka jona kai tsaye a akwatin wuta tana gudu iya ƙarfinta dare da rana.

Kuma ba kowace fanka ake taɓawa ba. Ta kan furosesa ka bar wa allo, shi ya san zafin da ke ƙarƙashinta. Injinan ofis irin na Dell da HP ma suna lura da ita, in ba su ji juyinta ba sai su tsaya tun wajen tashi, na HP su nuna lamba 511. Ta cikin akwatin wuta, wato abin da masu gyara a nan ke kira alimantasiyon, ita ma haramun ce. Abin da ya rage maka shi ne fankokin jikin gidan kwamfutar, ta gaba mai jawo iska da ta baya mai fitarwa. Su ne dama suka fi yawan ihu a tsofaffin injina.

Ina so in tsaya a kan akwatin wutar nan, don rai ake magana. Wutar kamfanin lantarki na CEET bolt 220 ce, da ta shiga akwatin ana mayar da ita wuta miƙaƙƙiya a tara a manyan kwandansa, inda take kai 310, a sababbin akwatuna ma kusan 400. Kwandansan nan suna iya riƙe caji bayan an zare fulogi. Sukurori huɗun da ke riƙe da murfinsa ba naka ba ne. Duk aikinmu a kan wayoyin da suka fito waje ne, inda wuta ba ta wuce 12 ba, ba ta kuma kisa. Duk da haka bolt 12 ɗin nan tana da amfiya masu yawa a bayanta, in waya biyu suka haɗu tana iya narka roba ta ƙona yatsa. Don haka zare fulogi daga bango, kashe injin kawai bai isa ba, domin waya mai ruwan shanshanbale tana ɗauke da bolt 5 muddin fulogi na jone. Bayan ka zare, danna makunnin gaba na 'yan daƙiƙu ya zuƙe sauran cajin. A lokacin hunturu jiki na tara wutar gogayya, irin wadda ke ɗan harbinka in ka taɓa ƙofar mota, ita kuwa tana kashe ƙananan kayan allo. Taɓa ƙarfen gidan kwamfutar kafin ka sa hannu ciki, ka riƙa maimaitawa. In akwatin tsoho ne mai ɗan jan makunni a baya da aka rubuta 115 da 230, tabbatar yana kan 230 tun da kana wurin.

Wayoyi huɗu, da tarkon da ke cikinsu

Nemo farin kan nan mai rami huɗu da ake jona wa tsofaffin faifan ajiya da na'urar DVD, wanda ake kira Molex. Kusurwoyinsa biyu a daddatse suke don kada ya shiga a juye. Waya huɗu ne a jere: rawaya a gefe ɗaya, baƙaƙe biyu a tsakiya, ja a ɗaya gefen. A tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995 kuma har yau ake bi, rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, baƙaƙen kuma su ne makomar wuta, wato sifili. A kan SATA za ka ga ƙarin waya mai ruwan goro, ita 3.3 ce.

Ga inda mutane ke faɗawa. Jar wayar fanka ba jar wayar akwatin wuta ba ce. A fanka mai waya uku, ja ita ce mai karɓar 12, baƙa sifili, rawaya kuwa ba ta ɗaukar wuta sam, labarin gudu take kai wa allo. Wanda ya bi launi ya haɗa rawaya da rawaya ya zuba bolt 12 a wayar labari, yana iya kashe fankar nan take. A wasu masu waya huɗu kuma rawayar ce ke karɓar 12, koriya ta kai labari, shuɗiya ta kawo umarni. Shi ya sa nake cewa kada ka amince wa launi sai mita ta shaida. Sa mitarka a ma'aunin DC 20, baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a wadda kake tuhuma. Tsarin ya yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. In ka ga lamba ta fita daga nan, akwatin wutar ne ba shi da lafiya, ka fara da shi.

Kada ka yanka wayoyin akwatin da ke cikin injinka. Samo ɗan adafta mai kan Molex namiji, irin wanda ke mayar da Molex zuwa SATA, ka yanke ɓangaren SATA ɗin ka yi aikinka a kan guntun da ya rage. In abu ya ɓaci, zare shi kawai za ka yi. Ƙananan injinan ofis na baya-bayan nan, irin su OptiPlex da ProDesk da ThinkCentre, da yawansu ba su da Molex ko ɗaya, akwatin wutarsu bolt 12 kaɗai yake bayarwa, wutar faifai daga allo take fitowa. A irinsu sai adafta mai karɓa daga SATA, kuma fanka ɗaya tak za ka ɗora, don hanyar siririya ce.

In kana da wani akwatin wuta na gwaji a kan tebur, ya fi. Na ATX na gama-gari yana tashi in ka haɗa koriyar waya ta babban kai da kowace baƙa ta amfani da guntun waya. Tsofaffi suna son a jona musu wani abu, ko mataccen DVD ne, kafin wutarsu ta daidaita.

Hanya mafi sauƙi ita ce bolt 5: wayar wutar fanka a ja, baƙa a baƙa. Ba ta da wani haɗari ga injin. Matsalarta fankoki da yawa ba sa tashi da kansu a 5, sai an tura su da yatsa, waɗanda suka tashi kuma iskarsu ba ta kai ta kawo ba. A ƙasarmu ban ga amfaninta ba, sai ga fanka mai ƙarfin gaske wadda aka ciro daga babban injin ofis.

Dabarar bolt 7

Wannan ita ce ta yi suna, ita ce kuma za ka ji yara masu gyara suna koya wa juna. Fanka ba ta san sifili ba, bambancin da ke tsakanin wayoyinta biyu kawai take ji. In ka sa wayar wutarta a rawaya, ka ɗauke baƙarta daga baƙa ka sa a ja, 12 a cire 5 saura 7. Ba ka sayi komai ba, fanka ta yi laushi, kowa ya yi murna. Tana aiki, ban musa ba. Amma ka duba inda wutar ke komawa. Maimakon ta sauka a sifili, cikin layin bolt 5 take zuba, layin da aka yi shi don ya bayar. Kamar mai ban-ruwa ne da ya juya ragowar ruwan kwaminsa cikin hanyar da ke kawo wa maƙwabci ruwa: muddin maƙwabcin na sha fiye da abin da ake zuba masa, ba a ganin komai, ranar da ya rufe sai hanya ta cika ta tumbatsa.

A zamanin Pentium III layin bolt 5 ne ke ciyar da furosesa, yana jan amfiya masu yawa, don haka ɗan abin da fanka ke zubawa ɓacewa yake yi. Daga shekarar 2000, da Pentium 4 ya zo da ƙarin kai mai rami huɗu, furosesa ya koma cin 12. Injin yau mai faifan SSD guda ɗaya abin da yake ja a layin 5 kaɗan ne ƙwarai. Ɗora masa fankoki uku ko huɗu ta wannan hanya, sai wutar layin ta fara hawa. Akwati mai kyau zai kashe kansa, ka rasa dalilin da injin ke mutuwa yana tsakiyar aiki. Mai araha ba zai kashe ba, zai bar wutar ta hau kan faifanka da duk abin da ke jone a USB.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ranar da fankar ta ƙone ta haɗe daga ciki, ko wayoyinta biyu suka goge suka taɓa juna, rawaya ta haɗu da ja ke nan kai tsaye, bolt 12 ta shiga inda ake jiran 5. Faifan da ke ɗauke da takardun mutane, da hotunan biki, da karatun da aka yi wata ana ɗauka, shi zai fara tafiya. Garin neman gira a rasa ido. Sannan wasu, maimakon su yi amfani da adafta, sai su zare ƙusoshin cikin kan Molex su sauya musu rami, su bar shi yana lilo. Bayan shekara wani mai gyara ya zo ya ga kai a sake, ya jona masa faifai. Wannan ba laifinsa ba ne.

Wanda ya nace sai ya yi ta, to ya tsaya a fanka ɗaya ƙarama, a injin da ke da faifai mai juyi, ya sa fis na rabin amfiya a kan rawayar, ya kuma cire wayar labarin gudu daga allo, domin yanzu ƙasan fankar a kan bolt 5 yake, allon ba zai karanta daidai ba. Ni dai ba na ba da shawararta, tun da akwai abin da ya fi ta a farashin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Dayod a kan rawaya

Je wurin masu gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Sokode ka ce a ba ka dayod 1N4007 guda goma. Kowane daga 1N4001 zuwa 1N4007 zai yi, duk amfiya 1 suke ɗauka. Ɗan baƙin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, da ƙafa biyu, da zobe mai ruwan azurfa a gefe ɗaya. Halinsa shi ne duk wutar da ta ratsa shi sai ya ci kusan bolt 0.7 daga ciki, ko fankar babba ce ko ƙarama. Guda huɗu a jere sun ci wajen 2.8, fanka ta sami 9 da ɗoriya. Shida su bar mata kusan 8, bakwai su kawo ta 7. Ga shi ka sami bolt 7 ɗin da ake nema, baƙar waya tana nan a baƙa, layin 5 ba a taɓa shi ba. In dayod ya lalace ya haɗe, iyakar abin da zai faru fanka ta ƙara gudu. Wayar labarin gudu ma kana iya barinta a allo, za ta ba da lamba daidai.

Jera su duk zobensu na kallon gefe ɗaya, gefen fanka. Wuta ta fito daga rawaya, ta shiga ƙafar da ba ta da zobe, ta fita ta mai zobe, ta shiga na gaba, haka har na ƙarshe, wanda ƙafarsa mai zobe za ta haɗu da wayar wutar fanka. In ka juya ko guda ɗaya, fanka ba za ta motsa ba, amma ba abin da zai ƙone, sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka gyara. Rage tsawon ƙafafun zuwa kamar rabin gaɓar yatsa, ka lanƙwasa bakin kowace ta saƙale da ta gaba, ka ɗiga dalma. Liƙi mai kyau yana sheƙi, yana bin ƙafar ya kwanta. Wanda ya dunƙule ya yi fari-fari bai kama ba, sake shi. Kada ka daɗe da ƙarfen liƙi a kai, daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba aiki ba ne a cikin kwamfuta, don zafin bazara yana narka gam ɗin salatif, ya kwance, tsirarar waya ta kwanta a kan ƙarfe. Zura jerin gaba ɗaya cikin robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ko cikin guntun siririn tiyo, ka ɗaure bakinsa biyu. Jar wayar adaftan da baƙa guda da ba ka yi amfani da su ba, yanke su gajeru, kowace ka rufe bakinta daban.

Wani abu da ke rikita sababbin hannu: in ka auna ƙarshen jerin ba tare da fanka ba, mita za ta nuna maka lamba kusa da 12, ka zaci dayod ɗin jabu ne. Ba sa cin rabonsu sosai sai wuta na gudana. Jona fanka tana juyi, sannan ka auna tsakanin wayoyinta biyu. Fanka biyu ko uku suna iya hawa jeri ɗaya, amma ka tara amfiyar da aka rubuta a takardar bayan kowace, kada jimillar ta wuce rabin amfiya, don dayod ɗin su yi ɗumi kawai, kada su yi zafi.

Yanzu sai abin da nake ganin shi ne zuciyar aikin ga mutumin Aouda ko Dapaong. Samo ƙaramin makunni mai ƙafa biyu, ka liƙa ƙafa ɗaya a farkon jerin dayod, ɗayar a ƙarshensa. In makunnin na kashe, wuta ta bi ta dayod, fanka ta yi laushi. In ka kunna, wuta ta tsallake su, fanka ta sami 12 cikakkiya. Huda ɗaya daga cikin ƙarafan da ke rufe ramukan kati a bayan injin ka ɗaura shi a nan, inda hannu zai kai ba sai an buɗe murfi ba. Da asuba, ko cikin sanyin Disamba da Janairu, ko tsakiyar damina, ko lokacin da makirfo ke buɗe, a bar ta a laushi. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa saukar ruwan farko, da rana, a sake mata wuta.

Rezista ma tana yi, sai dai tana son lissafi. Fankar da aka rubuta wa 12V 0.20A, raba 12 da 0.20, kamar om 60 ke nan. Sa mata rezista mai om 33 a kan rawaya, za ta sami wajen bolt 7.7, rezistar kuma ta riƙa ƙona fiye da rabin wat. Ƙananan nan na rubu'in wat za su yi baƙi su ƙone, nemi mai wat 2. Lambar da ke kan takarda sau da yawa ta fi abin da fankar ke ci a zahiri, don haka sai ka auna. Illarta babba ita ce a daidai lokacin tashi, sa'ad da fanka ke bukatar wuta da yawa, a lokacin ne rezista ta fi danne ta. Wanda kuma ya samu zuwa unguwar Dekon a Lome, ko ya yi saƙo, akwai ɗan allo mai LM2596 da ke rage wuta, da ɗan sukuru na tagulla da ake murɗawa a zaɓi lambar da ake so. Yana da kyau ƙwarai ga mai fankoki da yawa. Saita shi da mita kafin ka jona fanka, ka kuma naɗe bayansa kada ya taɓa ƙarfe.

Gwaji

Fankar da ke juyi a bolt 6 ba lalle ta iya tashi daga tsaye a bolt 6 ba, tashi ya fi ci gaba da gudu wuya. A wurin da wuta ke ɗaukewa ta dawo, injin zai riƙa tashi ba kowa a kusa, kuma fankar da ta tashi yau da ƙyar, bayan wata uku na ƙura ba za ta tashi ba. Bar murfi a buɗe, ka kashe injin har fukafukai su tsaya cak, ka kunna, ka maimaita kamar sau goma, har da sassafe lokacin da man gindinta ya yi kauri. In ko sau ɗaya ta yi jinkiri, ko ta yi rawa kafin ta kama, cire dayod ɗaya. Da ka gano iyakar inda take tashi lafiya, ƙara cire wani guda ɗaya don gobe. A ganina bolt 8 zuwa 9 ne mazaunin da ya dace da yawancin fankoki a nan. Shirun bai kai na 7 ba, amma bambancinsa da 12 a fili yake.

Sannan rufe murfi, don zafin gaskiya sai a rufe ake ganinsa. Sa manhajar HWMonitor ko HWiNFO ta nuna zafin furosesa, CrystalDiskInfo kuma ta nuna na faifai. Ba injin aiki mai nauyi na rabin awa, ko juya bidiyo ko manhajar Prime95, ka rubuta lamba mafi girma da fanka a 12, ka sake da ita a laushi. Rataye ma'aunin zafi a ɗakin ka rubuta nasa shi ma, domin tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da zafin injin kusan ba ta canjawa. In ɗaki na 24 da safiyar hunturu furosesa ya kai 70, to ranar da ɗakin ya kai 39 ka sa ran 85. Yawancin furosesa na Intel sai wajen 100 suke fara rage gudu don kare kansu, amma ba a so a zauna kusa da nan. In lissafinka na bazara ya haura 80, laushin bai dace da wannan lokacin ba. Faifai mai juyi ya fi furosesa rauni. Kamfanoni kan sa iyakarsa a 55 ko 60, ni kuwa ina son in gan shi ƙasa da 45, kuma fankar gaba ce ke hura masa iska. In za ka rage guda ɗaya kawai, duba wadda ta fi ƙara ta hanyar tsayar da kowace na daƙiƙa ɗaya da yatsa a tsakiyarta, ba a fukafukai ba. Sa tafin hannu kuma a bayan akwatin wuta: in iskar da ke fita ta fi da zafi sosai, ko fankarsa ta ɗaga murya, to aikin da ka sauke wa fankar baya shi ya ɗauka, sai ka cire mata dayod ɗaya ko biyu.

Ɗaure wayoyin da igiyar roba nesa da fukafukai da ƙarfen sanyaya furosesa. A cikin murfin gefe manna 'yar takarda ka rubuta abin da ka yi: wace fanka, dayod nawa, bolt nawa ka auna, da kwanan wata. A gefen makunnin baya ma ka sa alama, gefe ɗaya 12, ɗayan lambar laushin, don yaron shago ya san inda zai tura shi in rana ta take.